Garin Da Ke Tafiya A Kan Teku: Yadda Jirgin Ruwan Shaƙatawa Yake Aiki

A watan Janairun 2024 wani jirgin ruwa mai suna Icon of the Seas ya ɗauki fasinjojinsa na farko daga tashar Mayami ta Amurka. Tsawonsa mita 365, hawa 20 gare shi, kuma idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350. Wato mutum kusan dubu goma ke nan suke kwana, suke tashi, suke ci da sha a cikin abu guda da ke shawagi a kan ruwa. Bayan kwana bakwai sai ya dawo da su inda ya ɗauko su. Wanda bai san harkar ba zai tambaya, to ina suka je? Amsar ita ce jirgin suka je. Tsibiran da yake tsayawa a hanya ƙari ne kawai. Idan mai karatu ya riƙe wannan, duk sauran tsarin jirgin zai zo masa da sauƙin ganewa.

Da can ba haka abin yake ba. Jirgin ruwa abin hawa ne, a shiga a nan a sauka a can. Alhazanmu na dā da suka bi ta Sudan, a Sawakin suke shiga jirgi su tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Ɗalibai da ma'aikatan gwamnati da suka tafi Ingila kafin samun 'yanci da bayansa, da yawansu jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster suka hau daga Apapa, tafiyar kusan mako biyu. Abin da ya karya wannan kasuwa shi ne jirgin sama mai injin jet, wanda ya fara tsallaka tekun Atlantika da fasinja a 1958. Tafiyar kwanaki ta koma ta sa'o'i. Kamfanonin jiragen ruwa suka ga ba za su ƙara iya sayar da sauri ba, sai suka koma sayar da hutu. A yau Queen Mary 2 na kamfanin Cunard ne kaɗai babban jirgin da ya rage yana zirga-zirga a kai a kai tsakanin Ingila da birnin New York, kwana bakwai a kan ruwa, kuma masu hawansa don sha'awa suke hawa.

Tambayar da ta fi zuwa bakin mutane idan sun ga hoton irin wannan jirgi ita ce, me ya hana shi kifewa? Gini ne dogo, kuma abin da ke cikin ruwa kimanin mita tara ne kawai. Dabarar tana wajen rabon nauyi. Injuna, tankunan mai da na ruwa, ɗakunan ajiyar abinci, duk a can ƙasa aka jibge su, benayen sama kuwa galibinsu ɗakuna ne da sarari. Ga kuma faɗin gindi. Akwai tankuna na musamman da ake cika su da ruwa ko a rage, don daidaita jirgin idan ya karkata. Sannan a gefe da gefe, ƙarƙashin ruwa, akwai wasu fukafukai na ƙarfe da ake turo su waje idan teku ta tashi. Kwamfuta ce ke juya su, suna danne tangaɗin dama da hagu. Hawa da saukar goshin jirgi ne ba su iya hanawa sosai. Shi ya sa ake ba mai saurin jiri da tashin zuciya shawara ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, inda motsi ya fi ƙanƙanta.

Injunan ma ba kai tsaye suke juya farfela ba. Aikinsu samar da wutar lantarki, kamar tashar wuta ta gari guda. Daga wannan wuta ake ba wa manyan motocin da ke juya farfela, daga ita kuma ake kunna na'urorin sanyaya ɗaki, da murhun girki, da lif-lif. A sababbin jirage an rataye farfelolin a jikin wasu kwanduna da ke juyawa ko'ina, don haka kyaftin na iya matsar da wannan ƙaton jirgi a kaikaice har ya manne da gaɓar tasha. Gudunsa a tsakiyar teku bai cika wuce kilomita 40 a awa ba. Ba sauri ake yi ba. Da dare ake tafiya, gari na wayewa a iske sabuwar tasha.

Ruwan sha kuwa daga tekun ake samunsa. Ko dai a tura ruwan gishiri da ƙarfi ta cikin matatai masu ƙananan ƙofofi da gishiri ba ya iya ratsawa, ko a yi amfani da zafin injuna a mayar da shi tururi sannan a tara tururin. Da shi ake wanka, ake wanki, ake girki.

Mu hau sama, inda fasinja ke gani. A Icon of the Seas akwai wuraren iyo bakwai, da silalo shida na ruwa da yara da manya ke gangarowa ta ciki, da filin wasa a kan ƙanƙara, da zauren wasan kwaikwayo, da wuraren ci da sha fiye da 40. A tsakiyarsa an bar wani fili a buɗe, an dasa itatuwa da furanni na gaske, da masu ban ruwa da ke kula da su. Queen Mary 2 shi kuma nasa salon na natsuwa ne: babban ɗakin karatu, zauren rawa, ɗakin kallon taurari, har da wurin ajiye karnuka da kyanwowin fasinja. Kusan kowane babban jirgi yana da wurin motsa jiki, da wurin tausa da gyaran jiki, da sashen renon yara, da kantuna, da ɗan asibiti mai likita da ma'aikatan jinya. Akwai ma ɗakin ajiye gawa, don tsofaffi suna da yawa cikin matafiya, kuma ajali ba ya jiran a iso tudu. Wani abu da kan ba sabon shiga mamaki shi ne ƙanƙantar wuraren iyon. Dalili shi ne ruwa yana da nauyi, kuma idan jirgi ya karkata sai ya kwarara gefe guda, ba a son irin wannan nauyi mai yawo a can ƙololuwa.

Ɗakunan kwana a masana'anta ake ƙera su ɗaya-ɗaya, da gado da banɗaki da wayoyin wuta, sannan a zura su cikin gangar jikin jirgin. Mafi araha su ne na ciki, marasa taga. Sai masu taga, sai masu baranda, sai manyan ɗakuna na masu hannu da shuni waɗanda ke da hadimi nasu na kansu.

A nan ya kamata a yi maganar kuɗi, domin a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Kuɗin tikiti yakan ɗauki ɗaki, da abinci a babban zauren cin abinci, da yawancin wasanni. Amma da zarar ka shiga sai a ba ka kati guda, shi ne makullin ɗakinka, shi ne shaidarka ta fita da shiga, shi ne kuma aljihunka. Ba ka taɓa tsabar kuɗi. Lemo, intanet, tausa, hoto, gidan abinci na musamman, yawon gani da ido a tasha, ganin likita, duk kati ake gogawa, kuma mutum ba ya jin zafin fitar kuɗin da bai ƙirga da hannunsa ba. Kamfanoni da dama suna ƙara tukuicin ma'aikata na kowace rana a kan kowane fasinja. Sai daren ƙarshe takardar lissafi ta iso. Babban kaso na ribar kamfanonin daga wannan kashe-kashen cikin jirgi yake fitowa, musamman giya da caca, shi ya sa suka gwammace su karya farashin tikiti da su tashi da ɗaki babu kowa. Gidan caca da kantuna a rufe suke idan jirgi yana tasha, sai ya fita daga ruwan ƙasar a buɗe su. Wasu kamfanonin har tsibiri suka kama na kansu, kamar CocoCay na Royal Caribbean a Bahamas, don ko fasinja ya sauka, kuɗinsa gida zai dawo.

Musulmin da zai yi irin wannan tafiya ya san da wannan tun daga gida. Abincin halal sai an nema tun lokacin yankar tikiti, kuma ba kowane kamfani ke bayarwa ba. Alƙibla tana sauyawa yayin da jirgi ke juyawa, lokutan salla ma suna gusawa daga rana zuwa rana. A ƙarshen 2024 Saudiyya ta fara nata jirgin mai suna Aroya daga Jidda, ba giya ba caca, saboda ta ga akwai masu son hutun amma ba su son waɗannan. Ga kuma batun biza: mai fasfo ɗin Nijeriya ko Nijar yakan buƙaci izinin shiga ƙasashen da jirgin zai tsaya, ko da ba shi da niyyar sauka.

Sai dai ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba ya cikin hotunan talla. A ƙarƙashin benayen fasinja akwai wani dogon lungu da ya ratsa jirgin daga goshi zuwa baya, ma'aikata suna ce masa I-95, sunan wata babbar hanyar mota ta gabashin Amurka. Ta nan ake tura abinci, da zannuwan gado, da shara, da akwatuna, dare da rana. A nan kusa ma'aikata ke kwana, biyu-biyu a ɗakuna ƙanana, yawanci ba taga. Mafi yawansu daga Filifin, Indunusiya da Indiya suke. Kwantiraginsu yakan kai wata shida zuwa tara, ba ranar hutu ko ɗaya a mako. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006 ta ce dole a ba su hutun awa goma cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako, wanda ke nuna maka yawan awannin da aka halatta a sa su aiki. Jiragen kuma galibi tutar Bahamas ko Panama ko Malta suke ɗagawa, ko da ofishin kamfanin yana Mayami, saboda sauƙin haraji da dokokin aiki. Gaskiya ne albashin ya fi abin da da yawansu za su samu a gida, sun gina gidaje sun biya kuɗin makarantar 'ya'ya da shi. Amma arahar da fasinja ke morewa, wani ne yake biyan ragowar da barcinsa da nisan iyalinsa.

Ranar da jirgi ya dawo tasharsa ita ce mafi tsanani a gare su. Da safe dubban mutane su sauka, kafin la'asar wasu dubban sun shigo. A tsakanin nan za a gyara kowane ɗaki, a loda abincin mako guda, a sha mai, a kwashe shara.

Teku ma tana biyan nata kason. Dokar ƙasa da ƙasa ta haramta zubar da roba a teku, galibi ana tace ruwan bayan gida kafin a sake shi, kuma tun 2020 aka rage yawan farar wuta da aka yarda ta kasance cikin man jirage. Icon of the Seas da iskar gas da aka mayar ruwa yake aiki, hayaƙinsa ya fi tsabta, amma masana muhalli na kokawa cewa wani ɓangare na gas ɗin yana sulalewa bai ƙone ba, yana ƙara ɗumamar yanayi. Birnin Banis na Italiya ya gaji da manyan jirage suna ratsa tsakiyarsa, aka hana su a 2021.

Game da tsaro, dokokin yau da rayukan mutane aka saye su. Nutsewar Titanic a 1912 ce ta haifar da yarjejeniyar kare rayuka a teku, wadda ta wajabta isassun jiragen ceto. A Janairun 2012 Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma waɗanda suka shiga jirgin a ranar ba a riga an koya musu inda za su taru ba. Daga nan aka mayar da wannan horo wajibi kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Cuta ma tana yaɗuwa da sauri inda mutane suka cunkushe: a Fabrairun 2020 an killace Diamond Princess a Yokohama ta Japan, fiye da mutum 700 suka kamu da korona. Shi ya sa za ka ga ma'aikaci tsaye a ƙofar zauren abinci yana roƙon kowa ya wanke hannu.

Don haka, mai karatu, idan Allah ya hore maka ka yi wannan tafiya, ka karanta abin da tikitinka ya ƙunsa kafin ka biya. Ka halarci horon ceto da zuciya ɗaya, ka san cewa gajeriyar jiniya bakwai da doguwa ɗaya na nufin kowa ya nufi wurin taruwarsa. Idan ka sauka yawo a tasha ka dawo kan lokaci, don jirgi ba ya jiran wanda ya makara. Wanda ke gyara maka ɗaki kuma ka tambayi sunansa, ka gaishe shi, kada ka soke masa tukuicinsa.