Hawan Jini Daban, Hawan Jinin Ido Daban

Mata da yawa masu zuwa awo kan ɗauka hawan jinin ido, wato gilakoma, reshe ne na hawan jini. Ba haka ba ne. Shi ruwa ne ke taruwa cikin ƙwayar ido har ya danne jijiyar gani. Sai dai magungunansu suna da dangantaka. Timolol, maganin ɗigawa da aka amince da shi a Amurka a 1978, ɗan gida ɗaya ne da labetalol, wanda ake ba mai ciki idan jininta ya hau.

Ɗigon ba ya tsayawa a ido kaɗai. Yakan bi hanyar hawaye ya sauka hanci, daga nan ya shiga jini, har ya ratsa mabiyiya. Yana iya rage bugun zuciyar uwa da na ɗan da ke ciki, yana kuma tayar da asma.

Kada ki daina ɗigawa da kanki, domin ganin da gilakoma ta cinye ba ya dawowa. Ki zo da kwalbar wajen awo mu gani, ki kuma sanar da mai allurar barci idan za a yi miki tiyata. Bayan kin ɗiga, ki rufe ido, ki danna gefensa na wajen hanci da yatsa minti 2. Wannan yana rage abin da ke shiga jini.

Amma idan ciki ya wuce mako 20, kika fara gani dishi-dishi tare da ciwon kai mai tsanani, wannan ba na ɗigawa ba ne. Yana iya zama alamar jijjiga. Maigida ya kawo ki asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.