Ba ido ba ne, tauraro ne ke mutuwa

Hoton nan mai kama da ƙwayar ido, shuɗi a tsakiya, ja a gefe, ya sake dawowa wayoyin jama'a. A majalisun Fadikpe da sauran unguwannin Minna, wasu na cewa sabon abu ne ya bayyana a sama, wasu na cewa alamar tashin duniya ce. Sanin gaibu sai Allah, amma abin nan ba sabo ba ne. Sunansa Helix, wani Bajamushe mai suna Karl Harding ne ya gano shi tun wajajen 1824, hoton kuma tun 2003 hukumar NASA ta Amurka ta fitar da shi.

Tauraro ne irin ranarmu da ya tsufa, makamashinsa ya ƙare, sai ya watsar da iskar gas da ke lulluɓe da shi. Cibiyarsa da ta rage zafinta ya haura digiri 100,000. Haskenta mai ƙarfi, wanda ido ba ya gani, shi ke fizge ilektiron daga ƙwayoyin zarra na gas ɗin. Idan waɗannan ilektiron suka koma mazauninsu, ko suka yi karo da wasu ƙwayoyin, sai gas ɗin ya haskaka, kowane sinadari da launinsa.

To me ya raba launukan zobe-zobe? Dubi masu jin ɗumi a lokacin hunturu: na bakin wuta har gumi yake, na baya kuwa ɗumin da kyar ke kai masa. Haka nan a kusa da tauraron, inda hasken ke da ƙarfi, iskar oksijin kan rasa ilektiron biyu, ita ce shuɗin tsakiya. Can nesa hasken ya raunana, naitirojin ya rasa ɗaya kacal, shi da haidirojin suka ba da jan. Wannan haske na oksijin ya ruɗa masana tun 1864, har suka zaci sabon sinadari ne, sai a 1927 wani masani mai suna Ira Bowen ya warware zancen.

Hasken Helix kan yi kimanin shekara 650 kafin ya iso mu, don haka babu barazanar da yake yi wa kowa. Abin takaici shi ne, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bosso da Gidan Kwano, ga hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA a Abuja, amma jita-jita ta fi bayanin masana saurin isa unguwa. Malamanmu na kimiyya su riƙa shiga rediyo suna yi wa mutane bayani da Hausa. Kai kuma mai karatu, ka bincika kafin ka tura.