Sawun Cuta a Jikin Hula

Duk wanda ya taɓa zama wurin masu ɗinkin hula ya san yadda zane ke yaɗuwa. Yaro ba ya ganin hular farko. Hular maigidansa yake ajiyewa a gaba yana kwaikwayo, idan allura ta zame ya tsallake gida ɗaya, shi ke nan, wanda zai kwaikwayi tasa da wannan tsallaken zai tafi, ya ƙara nasa. Shi ya sa tsohon dillali a Kasuwar Kurmi zai juya hula a hannu ya ce maka wannan ɗinkin gidan wane ne, waccan kuma jikarta ce.

To, haka ƙwayar cuta take. A cikinta akwai dogon zane da take kwafa duk lokacin da za ta hayayyafa, kuma hannunta ba shi da natsuwa. Tana zamewa, 'ya'yanta su gaji zamiyar. Masu bincike dillalan nan ne: su tara huluna, su jera, su ga wacce ta fito daga wacce. Da yake zamiyar tana taruwa kusan daidai da tafiyar shekaru, yawanta ma kan nuna tun yaushe gida biyu suka rabu.

A Riyad an ga amfanin wannan ido. A 2012 aka gano cutar numfashin nan ta MERS a jikin wani majinyaci a Jidda, cutar da kan kashe kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu. Tambayar da ta hana jami'an lafiya barci ita ce: mutum guda ne ya ɗauko ya raba wa kowa? A 2013 Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya da Cibiyar Sanger ta Ingila suka karanta zanen ƙwayoyin majinyata, sai ga ɗinki iri uku daban a Riyad kaɗai. Gida ɗaya ba ya fitar da hannu uku haka a ɗan lokaci. Ke nan cutar ta shigo cikin mutane ba sau ɗaya ba, daga wata ma'ajiya da ta daɗe tana ɗinki a ɓoye. Daga baya ma'ajiyar ta bayyana: raƙuma.

Nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A 2015 masana daga Jami'ar Hon Kon suka gwada raƙuman abbatuwar Kano, suka kuwa sami ƙwayar. Wani zai yi saurin cewa ai ga tushen. Amma da aka ajiye hular Kano kusa da ta Riyad, sai aka ga kaka ɗaya ne, gidaje daban. Ta raƙuman Afirka reshenta dabam, ba ita ke kwantar da mutane a asibitocin Saudiyya ba. Wannan ya fi komai faranta mini rai a aikin, domin baƙo da ɗan ci-rani su ake fara nuna wa yatsa idan annoba ta ɓarke.

Da irin wannan jeren huluna aka bi sawun ƙanjamau har Kinshasa ta wajen 1920, aka ga yadda jirgin ƙasa da na ruwa suka ɗauke ta. Reshen da ya mamaye Amurka ta Haiti ya bi, ya isa Niyok wajen 1970, abin da ya wanke wani ma'aikacin jirgin sama da aka shekara da shekaru ana cewa shi ya kai musu ita.

Sai dai dillali hular da aka kawo masa kawai yake gani. Garin da ba a ɗebi jini an karanta ba, ba ya fitowa a taswirar, kuma har yanzu garuruwanmu da yawa suna cikin wannan sahu.