Baƙin Mai: Wane Ne Ya Dace Da Motar Ƙungiya?

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi. Motocin ƙungiyoyinmu na Kankara da Faskari da Sabuwa za su sha aikin kai masara da dawa kasuwar Funtua. Mota ta mutu a daji da kaya gab da magariba ba abin wasa ba ne. Sau da yawa kuwa baƙin mai ne sanadi.

Aikin baƙin mai shi ne ya hana ƙarafan inji cin juna, ya rage zafi, ya kwashe datti. Amma ba kowane mai ne ya dace da kowane inji ba. Abu biyu za mu duba a jikin galan.

Na fari, lamba. Za mu ga 15W-40, ko 20W-50, ko SAE 40. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudu in inji ya yi sanyi, kamar asubar hunturu. Ƙaramar lamba ta fi saurin zagaya inji. Lambar ƙarshe kuwa kaurinsa ce bayan inji ya ɗau zafi. Tsohuwar a-kori-kura takan karɓi 20W-50, amma sababbin motoci da yawa mai tsinkakke suke so, kamar 5W-30. Littafin motar shi ne alƙali, a wasu motoci ma an rubuta lambar a kan murfin mai.

Na biyu, harafi. A bayan kalmar API, harafin S na injin fetur ne, C kuwa na injin gas, irin na tarakta da babbar mota. Hayaƙin gas ya fi ɓata mai, don haka kada mu zuba wa tarakta man da S kaɗai ke jikinsa. Babur kuma a nemo masa mai alamar 4T. Mai alamar 2T na injin da ake gauraya wa mai da fetur ne.

Mu guji man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya. Ba mu san asalinsa ba, wani ma tsoho ne aka tace. Arha ba ta ado. Mu sayi galan a rufe, bakanike ya buɗe a gabanmu.

Ƙurar hanyoyinmu tana tsufar da mai da wuri, sai mu yi juye kafin lokacin da littafi ya faɗa, mu canza filta tare. Direba ya duba ma'aunin mai kowace safiya kafin ya ta da mota, sakatare kuma ya rubuta ranar juye da kilomita. Tsohon mai kada a zubar kusa da rijiya ko gona.

Da gumin membobi aka sayi motar nan. Amana ce Ubangiji ya sa a hannunmu, mu riƙe ta da aminci.