Kukan Fankar Kwamfuta: A Yi Shara Kafin Bazara

Yau za mu tsaya ne a kan wata ƙara da duk mai aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka ya sani a nan ƙasar Lautai, wato yankin Gumel. Ana jin ta a ɗakunan ɗalibai na Kwalejin Ilimi da ke Gumel idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, ana jin ta a shagunan buga takardu na Maigatari ranar Alhamis idan kasuwa ta cika, ana jin ta a sakatariyar Gagarawa da ta Sule Tankarkar da tsakar rana. Kwamfuta tana cikin aiki sai fankarta ta fara huci, jikinta ya ɗau zafi, aiki ya yi nauyi, wani lokaci ma ta ɗauke gaba ɗaya, takardar da aka wuni ana bugawa ta tafi. Abin da nake so in tabbatar muku a yau shi ne, wannan kuka na fanka ba shi ne ciwon ba. Fanka aikinta take yi. Ciwon ƙura ce da zafin gari, kuma maganinsa shara ce da ya kamata a riƙa yi duk shekara, a ƙarshen hunturu, kafin bazara ta kama.

Bari mu leƙa cikin na'urar, domin akwai abin mamaki a ciki. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke cewa furosesa, ɗan ƙaramin abu ne, amma duk wutar da ta sha zafi take komawa. A kanta an kwantar da wani siririn bututu na jan ƙarfe, an like bakinsa biyu, an zuƙe iskar ciki, aka bar ɗan ɗigon ruwa. E, ruwa ne, a cikin kwamfutarka. Da yake babu iska a bututun, ruwan yana tafasa tun zafi bai yi nisa ba. Sai ya zama tururi, ya kwashi zafin, ya ruga ɗaya ƙarshen inda aka jera wasu siraran faifayen ƙarfe a bakin tagar da iska ke fita. A nan fanka ke hura musu iska, tururin ya huce ya koma ruwa, ya tsattsafo ta jikin bututun ya dawo inda ya fito, a sake sabon zagaye. Wani masani mai suna George Grover ne ya fito da wannan dabara fili a shekarar 1963, a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka, kuma har a kumbon sararin samaniya an yi amfani da ita kafin ta sauko cikin jakar ɗalibi.

Mu nan Jigawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, domin asalin hikimar ita ce ta randa: ruwa idan zai zama tururi, da zafi yake tafiya. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, da wannan ilimin ya haɗa tukunya cikin tukunya, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, sai ga yalon da kan lalace cikin kwana 3 yana kaiwa kwana 27. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. To amma duk matar da ta taɓa ajiye randa ta san sharaɗin: sai an sa ta inda iska ke kaɗawa. Idan aka cusa ta a lungun da iska ba ta ratsawa, ruwan ba zai yi sanyi ba ko da kuwa randar sabuwa ce. Haka bututun nan yake. Komai kyansa, idan iska ba ta ratsa faifayen nan ba, zafin yana nan a ciki.

To me ke hana iska ratsawa a wajenmu? Abu biyu ne, kuma suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Na farko hazo. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura mai laushi daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke Chadi, mu kuma da muke bakin iyakar Nijar muna cikin waɗanda ke fara karɓar ta. Fanka ba ta da rariya, duk abin da ke cikin iskar ɗaki shi take zuƙa. Ƙurar sai ta haɗu da zaren tufafi da na darduma, ta taru a tsakanin fanka da faifayen ƙarfen nan, ta dunƙule ta toshe hanya. Daga waje ba za ka ga komai ba. Sai mai gyara ya kwance murfin ƙasa, ya ɗaga fankar, sannan ya zaro wani dogon ɓawo mai ruwan toka da ya rufe tagar daga wannan gefe zuwa wancan. Na biyu kuma zafin bazara, wanda ke shigowa daidai lokacin da tagar ta gama toshewa. Kamfanin Apple ya rubuta a bayanin kwamfutocinsa cewa a yi aiki da su inda zafin wuri yake tsakanin digiri 10 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma galibin sauran kamfanoni ma a 35 ɗin suka tsaya. A sake ji: digiri 35. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin rana yana haura 40, kuma wannan a inuwa ake auna shi, ba a cikin shagon kwantena mai rufin kwano ba.

Ku yi lissafin tare da ni. A ɗauka faifayen nan sun kai digiri 60. Idan iskar ɗaki tana 25, tazarar da ke tsakaninsu 35 ce, kuma wannan tazarar ce ke jan zafi waje. Idan iskar ɗakin ta kai 42, tazarar ta koma 18, wato kusan rabi. Ke nan fanka mai tsabta ma sai ta ƙara gudu sosai kafin ta fitar da zafin da take fitarwa cikin sauƙi a watan Disamba. Ina ga wadda aka toshe wa hanya? Kuma abin da ya ƙara dagula lamarin, a wannan tsakanin ne aiki ke yawa. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta baki ɗaya, rajistarta kan faɗo a farkon shekara, zamanta kuma wajen Afrilu, lokacin da masu shaguna ke wuni suna buga wa yara takardu. Idan furosesa ta doshi digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, wannan shi ne nauyin da kake ji. Idan hakan bai isa ba sai ta kashe kanta. Ba lalacewa ta yi ba, tsira take nema.

Na san wani zai ce, Malam, ni dai ƙarar ce ta dame ni, a rage mini ita kawai. Akwai manhajojin da ke rage gudun fanka, akwai ma wanda zai cire mata waya ya ce ya gyara. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne, kuma manya ma sun gwada sun ji jiki. A shekarar 1980 kamfanin Apple ya fitar da wata kwamfuta mai suna Apple III ba tare da fanka ba, domin Steve Jobs, ɗaya daga cikin jagororin kamfanin, ba ya son ƙara. Aka dogara da gangar jikinta ta alminiyam ta sha zafin. Na'urar ta riƙa ɗaukar zafi, ƙananan sassanta suna zamewa daga mazauninsu, har an ruwaito cewa an riƙa ba masu ita shawarar su ɗan ɗaga ta sama su sake ta ta faɗi kan tebur, ko sassan za su koma wurinsu. Ku dubi wannan, kwamfuta mai tsadar gaske, maganinta a jefar da ita! Daga ƙarshe sai da kamfanin ya musanya guda 14,000 na farko. Gaskiya ne yau akwai kwamfutocin da aka ƙera ba fanka, irin MacBook Air da ta fito a ƙarshen 2020, amma wannan tun daga tushe aka yi ƙwaƙwalwarta ta riƙa shan wuta kaɗan. Wadda aka ƙera da fanka, rayuwarta tana hannun fankar. Shirun kwamfuta mai zafi ya fi kukanta haɗari.

Wani kuma zai ce laifin tsufa ne, duk 'yan Beljiyam ne muke saye, an gama cin moriyarsu a Turai kafin su iso Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a Kano. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ba zan musa ba. Tsakanin furosesa da bututun jan ƙarfen akwai wani man shafawa mai ruwan toka da ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani, domin zafi ya wuce salin alin. Bayan shekaru yakan bushe ya tsattsage, kuma kwamfutar da ta yi shekara biyar ko shida a hannun wani kafin ta zo hannunka, da wuya a ce an taɓa sake mata shi. Amma wannan hujja ce ta a buɗe a gyara, ba ta a jefar ba. Man nan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin wata kwamfutar, kuma da yawa daga tsofaffin HP da Dell da Lenovo na ofisoshi an yi su ne yadda kwance su ba wuya. Sabuwa fil ma, idan ta yi hunturu biyu a Gumel ba shara, kuka za ta yi.

Sai masu cewa ƙwayar cuta ce, a goge komai a sake zuba manhaja. Wani lokaci haka ne, amma akwai hanyar bambancewa kafin a yi asarar takardu. Ka kai bayan hannunka bakin tagar da iska ke fita. Idan fanka tana ihu amma iskar da ke fitowa 'yar kaɗan ce, hanya ce ta toshe, goge manhaja sau goma ba zai buɗe ta ba. Idan iska mai zafi tana fitowa da ƙarfi, fanka lafiyarta lau, aiki ne ya yi wa na'urar yawa, sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka ga wace manhaja ce ke cinye ƙarfin, ka rufe ta. Idan kuwa ƙarar ta gurzawa ce ko ta kwaramniya, fankar ce da kanta ta gaji, sai a sake wata. In maimaita don wanda bai ji ba: iska kaɗan, toshewa ce; iska mai ƙarfi, aiki ne; kwaramniya, fanka ce.

Akwai tsoron da na fi girmamawa a cikin duk waɗannan, wato na mai cewa ba zai bari a buɗe masa kwamfuta ba, gudun kada a musanya masa kaya ko a ƙara ɓata ta. Tsoro ne mai dalili. Amma sharar nan ba aikin da ake barin na'ura ta kwana a shago ba ne. Ka zauna a yi a gabanka. A kashe ta, a zare caja, a cire haɗin batir, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima, a share da buroshi mai laushi da 'yar bulowa. Kada a kai wa mai faci ya hura mata iskar taya, domin ƙarfinta ya yi yawa, kuma takan zo da danshi.

Lokaci yana neman ƙure mana, bari in gaggauta sauran. Faifan sanyaya da ake ɗora kwamfuta a kai yana ɗan taimakawa, amma ba ya cire ƙurar da ke ciki. Katifa da matashi da darduma suna toshe ramukan ƙasa, a nemi tebur ko allo, a ɗan ɗaga bayanta iska ta samu hanya. Kada a sa ta a firji ko a ɗora ta a kan ƙanƙara, raɓa za ta taru a ciki ta haɗa waya. Aiki mai nauyi a yi shi da sassafe ko da dare. Kada a bar ta a mota a rufe cikin rana. Batir kuma shi ne ya fi kowa cutuwa da zafi, idan ka ga jikin kwamfuta ya kumbura ko wurin da ake jan yatsa ya ɗago, a daina caji nan take a cire shi. A Agustan 2006 kamfanin Dell ya janye batura fiye da miliyan 4 daga hannun jama'a saboda haɗarin kama wuta, don haka ba abin wasa ba ne.

Kirana ga shugabannin makarantu da na ofisoshi da masu shaguna a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar shi ne, a sa wannan shara a cikin tsarin aikin shekara, a ware mata ɗan kuɗi da rana guda a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, da zarar hazo ya fara ja da baya. Ɗalibi kuma, kafin ka miƙa kwamfutarka a buɗe, ka kwafe kundinka a wani wuri daban.