Lambar Caldecott: Fuskar wa yara ke gani a littattafansu?

A farkon kowace shekara, Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka kan bayyana sunan mai zanen da ya lashe lambar yabo ta Caldecott, wadda ake bayarwa saboda littafin yara mai hotuna da ya fi kowanne ƙayatarwa a shekarar da ta gabata.

Lambar ta tagulla ce, kuma ba a haɗa ta da ko sisin kwabo.

Sai dai littafin da ya yi nasara akan manna masa tambari mai ruwan zinariya a bango, makarantu da ɗakunan karatu su yi ta rububin sayensa, kuma da wuya a daina buga shi.

Wannan ne ya sa zaɓin da kwamitin alƙalai mai mutum 15 ke yi yake tasiri kan irin hotunan da yaran ƙasar za su tashi suna gani.

An fara bayar da lambar ce a shekarar 1938, aka kuma sa mata sunan Randolph Caldecott, wani mai zane ɗan Ingila da ya rasu a 1886. Ɗan Amurka ko mazaunin ƙasar ne kawai ya cancanci samunta.

Ƙorafin wariya

An daɗe ana sukar littattafan yara a Amurka da cewa ba sa nuna baƙaƙen fata.

A 1965, wata masaniyar ilimi, Nancy Larrick, ta bayyana cewa daga cikin littattafan yara 5,206 da aka buga tsakanin 1962 da 1964, guda 349 ne kacal ke ɗauke da baƙar fata ko da mutum ɗaya.

Shekara biyu kafin nan, littafin The Snowy Day na Ezra Jack Keats ya zama na farko da ya ci lambar alhali tauraronsa yaro ne baƙar fata. Shi kansa Keats farar fata ne.

Sai a 1976 aka samu baƙar fata na farko da ya karɓi lambar, wato Leo Dillon, wanda ya yi nasara tare da matarsa Diane, saboda zanen da suka yi wa wata tatsuniyar Afirka ta Yamma a kan dalilin da ya sa sauro ke kuka a kunnen mutane.

Hausawa a shafin H

Ma'auratan sun sake lashe lambar a 1977 da littafin Ashanti to Zulu, wanda Margaret Musgrove ta rubuta.

Littafin ya bi haruffan boko 26, kowane harafi da al'ummar Afirka guda. Hausawa ne suka samu harafin H, inda aka yi bayanin kiran salla sau biyar a rana, yayin da Abzinawa da Yarabawa su ma suka samu nasu shafukan.

Duk da haka, an ɗauki lokaci mai tsawo kafin sauyin ya kankama.

Sai a 2010 wani Ba'amurke baƙar fata, Jerry Pinkney, ya ci lambar shi kaɗai, da labarin zaki da ɓera, littafin da kusan babu rubutu a cikinsa, hotuna ne ke ba da labarin.

A 2021 Michaela Goade ta zama ta farko daga cikin 'yan asalin nahiyar Amurka da ta samu lambar, sannan a 2024 Vashti Harrison ta zama mace baƙar fata ta farko, shekara 86 bayan fara bayar da ita.

Abin da ya sa batun ke da muhimmanci shi ne, yaro kan fara karanta hoto tun kafin ya san harafi. Daga hotunan ne yake soma fahimtar su wane ne ake ba da labarinsu, da kuma ko akwai mai kama da shi a cikinsu.