Layin Masu Magani a Kurmi: Cinikin Ganye da Neman Barci

Hanci ne ke fara sanar da mutum ya iso layin masu maganin gargajiya a Kasuwar Kurmi ta Kano. Ƙamshin kanumfari da kimba ya cuɗanya da na tazargade da turaren wuta, ga buhunan sassaƙe an naɗe musu baki, ga saiwoyi dami-dami a jingine. Kasuwar ba ta yau ba ce. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta, kuma a nan fataken Sahara suka riƙa sauke kaya. Har yanzu wasu kayan layin, irin su habbatus sauda da babunaj, daga ƙetare ake kawo su.

Mai basir ko shawara yakan faɗi ciwonsa, ya biya, ya wuce. Mai damuwa kuwa sai ya ɗan yi kewaye. Za ka ga mace ta gyara mayafi, ta rage murya: "Baba, gabana ne ke yawan faɗuwa, barci kuma ya gagara." Gogaggen mai magani ba ya saurin kai hannu cikin buhu. Zai tambaya tun yaushe, ko an yi rasuwa, ko haihuwa ta yi, ko dai tunani ne ya yi yawa. Kafin a zo ga batun kuɗi, ta amayar da rabin abin da ke cikinta. Wannan sauraron, wanda ba a sa masa farashi, yana cikin abin da ke dawo da masu saye layin.

Sai awo. Ɗan na'a-na'a, ɗan shammar, babunaj cikin gwangwanin tumatir, a ƙulle a leda, a ce a tafasa a sha da zuma bayan sallar isha'i. In ana zargin sammu ko shafar iska, a ƙara ganyen magarya na wanka. Shagunan da ake kira Islamic kemis suna sayar da kusan kayan nan, sai dai nasu a cikin kwalba da kwali, kuɗin ma ya ɗara.

Masu larurar damuwa ba kaɗan ba ne a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta su miliyan 301 a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani.

To, ganyen na aiki? Babunaj dai an gwada shi: wani bincike na Jami'ar Pennsylvania a Amurka, a 2009, ya nuna yana ɗan sassauta damuwar da ba ta yi tsanani ba. Amma can auna shi aka yi daidai wa daida, nan kuwa hannun mai saye da na mai sayarwa ne ma'auni. Akwai kuma tsiron da ba a wasa da shi, zaƙami, wanda ke gusar da hankali, har yakan kashe. Hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana ba magungunan gargajiya na kwalba lamba, amma lambar ba shaidar warkarwa ba ce, ƙullin leda kuwa ba ya bi ta hannunta.

Bugun zuciya ba kullum ne daga tunani yake ba. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo duk suna kawo shi. Wanda ya yi makonni yana shan tafasasshen ganye bai ji sauƙi ba, ya je Asibitin Malam Aminu Kano ko na ƙwaƙwalwa da ke Dawanau a duba shi. Ya kuma tafi da ƙullin nasa ya nuna wa likita, musamman mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini.